Kulocin Alu Bahago

Duk wanda ya taɓa shiga motar marigayi Alu Bahago ya san ba a tashi sai an cire takalmi. Ba na fasinja ba, nasa, kuma ƙafa ɗaya, ta hagu. Zai zauna a kujera ya zare shi, ya kakkaɓe, ya ɗora a gaban gilashi, ya goge tafin ƙafar da tsumma, sannan ya yi bisimilla. In ka tambaye shi dalili sai ya ce da fata ake magana da kuloci, ba da roba ba. A nan ya samo sunan Bahago, alhali da dama yake cin tuwo kamar kowa.

Ni taubashinsa ne. Ɗan gwaggona ne, ya ba ni shekara goma sha biyu, kuma kun san taubasai ba sa raga wa juna. Yana kirana bawansa, ina kiransa nawa. Abin da ya ƙara wa wasan gishiri shi ne sana'a. Ni bakanike ne a bakin tashar Tambuwal, shi kuma direba ne da ya ci alwashin ba zan taɓa cin abinci da kulocinsa ba.

Motar a-kori-kura ce fara, ko in ce ta taɓa zama fara. A hannun wani malamin gona da ya yi ritaya ya saye ta, ya raɗa mata suna Dattijuwa. Fiye da shekara ashirin tana zirga-zirga tsakanin Tambuwal da Kebbe, da gero, da albasa, da awaki, da mutane a bisa kaya. Babu abin da ban canja mata ba, daga birki har salansa, amma ban da faifan kuloci, wato faifan nan da ke tsakanin inji da giyabos, mai haɗa su yana raba su. Wanda ta zo da shi, shi ne a cikinta. Sauran direbobin hanyar nan kuwa, wanda ya kai shekara uku bai zo na sauke masa giyabos na sa sabo ba, to ya yi ƙoƙari. Wannan shi ne abin alfaharin Alu a duniya. Bai gina gidan bene ba, bai je Makka ba, amma yana da kulocin da bai taɓa ganin rana ba. Wata rana a tasha, gaban jama'a, ya dafa bayan motar ya ce, "Ranad da anka sauke giyabos na Dattijuwa don kuloci, ran nan nika aje tuƙi. Ku shaida."

Muka shaida muna dariya. Shi ba wasa yake yi ba, kuma na sani, don na san tuƙin nan shi ne rayuwarsa.

A ganinsa kowane kuloci da adadin takunsa yake zuwa duniya, kamar yadda mutum yake zuwa da adadin numfashinsa, saboda haka duk takun da ka yi a banza ka rage masa kwana. Ban taɓa ganin mai tsimin taku irinsa ba. A ƙofar gidansa sai da ya sa aka zuba jar ƙasa aka yi tudu, nan Dattijuwa take kwana da hancinta a gangare, don da safe ya sake ta ta mirgina da kanta ba sai ya wahalar da kuloci wajen tashi ba. Yara suka mai da tudun wurin wasa, maƙwabta suka yi ƙorafin yana tare musu ruwa da damina, duk bai kula ba. In kuwa ka yi kuskuren tsayawa a kan hawa kana ɗaga masa hannu, ka jawo wa kanka. Ba zai tsaya ba. Zai leƙo ta taga ya ce ka biyo shi gangare, ya wuce. Limamin unguwarsu da kansa ya taɓa bin motar da sassarfa, riƙe da buta da bakin riga, kuma da ya shiga yana haki Alu bai ba shi haƙuri ba, sai ma ya yi masa nasiha a kan zaɓen wurin tsayawa.

Akwai wani rafi a hanyar Kebbe da ke ƙafewa da rani, ya bar rairayi mai cin taya. Wata ranar kasuwa muna dawowa, ina gidan gaba, motar ta nutse a ciki. Da wani direban ne, da sai ya yi ta ba ta wuta, ƙafa rabi a kan kuloci, har ta fita ko ta ƙone. Alu kashe inji ya yi, ya ce kowa ya sauka. Muka tona, muka shimfiɗa kara, muka tura har idanunmu suka yi ja, shi yana zaune a sitiyari yana ba da umarni, motar ko gezau. Can sai na ga ya ƙura wa bayan motar ido. A cikin kayan ranar akwai wani ƙaton san huɗa da wani manomi, Malam Dikko, ya sayo. Kafin mai shi ya gane abin da ake ciki, an sauko da sa, an ɗaura masa igiya a gaban mota. Sa ya ja, mu muka tura, Dattijuwa ta fito tana rangaji ba tare da an taɓa kuloci ba.

Malam Dikko ya share gumi ya ce, "Alu, ni hwa na kawo sa don mota ta ɗauke shi. Ga shi shi yaɗ ɗauki mota."

Alu ya ce, "Malam Dikko, san ga in ya gaji ya hwaɗi, yankawa kaka yi ka ci nama. Kuloci in ya ƙone, mi aka ci?"

Aka yi juyin duniya san nan ya koma mota, ya ƙi. A ƙasa Malam Dikko ya kora shi gida, kuma har ya rasu in an ambaci Alu sai ya yi tsaki.

In ba ya hanya, a bencin garejina yake yini, ba wanda ya gayyace shi. Mota na shigowa zai ɗaga hanci. Ya ce kulocin da ke cin kansa yana da ƙauri nasa na daban, kamar an haɗa gashi da roba an ƙona, kuma a gaskiya hancinsa bai taɓa kuskure ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ni da aka kawo wa aiki ban buɗe baki ba, shi ya gama faɗin ciwon.

Wata rana wani babban ma'aikaci ya zo da motarsa, da babbar riga da takalmi sau-ciki mai ƙyalli. Ya ce in ya zo hawa sai inji ya yi ta ruri amma mota ba ta gaba, ga shan mai. Alu ya taso ya karɓe zancen. Ya tambaye shi ko sai ƙafarsa ta kusa ɗagowa gaba ɗaya kafin motar ta motsa, ya ce haka ne. Ya tambaye shi ko yana jin ƙauri bayan doguwar tafiya, ya ce yana ji, ya ɗauka masu ƙona shara ne. Sai Alu ya sa shi ya ja birkin hannu, ya tayar da inji, ya sa giya ta uku, ya ɗan ba ta wuta, ya saki kuloci a hankali. Wannan shi ne gwajinsa, kuma duk tasha an san shi. Lafiyayyen kuloci in ya kama, inji ba shi da yadda zai yi sai ya shaƙe ya mutu. Wanda ya cinye kuwa sai ya yi ta sulɓi, inji yana ta yi kamar ba a yi komai ba.

Mutumin ya saki ƙafa gaba ɗaya, inji na nan yana kaɗawa lafiya lau. Ya leƙo da fara'a, ya ce mun gani ai, ko mutuwa ba ta yi ba. Alu ya matso a natse, ya miƙa masa hannu biyu kamar a zaman makoki, ya ce, "Ranka shi daɗe, ya haƙuri?"

Da aka yi masa bayani ya ce ba zai yiwu ba, wata takwas ke nan da sa sabo. Alu ya leƙa ciki, ya ga ƙafar hagunsa ta koma ta kwanta a kan kuloci ba tare da ya sani ba. Ya nuna ta da baki ya ce ga ɓarawon nan, nan ba wurin hutun ƙafa ba ne. Ya ba shi shawarar in zai yi tuƙi ya riƙa naɗe ta a ƙarƙashinsa kamar mai cin tuwo. Mutumin bai sake kawo mini aiki ba, kuma Alu ya ce ya taimake ni ne.

To, a bara ne, bayan an gama girbi, Dattijuwa ta shigo tasha ina ƙarƙashin wata mota, sai ƙaurin nan ya same ni. Na fito na dudduba, babu wata mota da ta shigo sai ita. Na dubi Alu, ya dube ni, ya ce mai tsire ne ya zuba roba a wuta. Na koma ƙarƙashin motar da nake gyara.

Da ƙaurin ya ƙi ɓoyuwa sai ya fara neman mai laifi, ya kuwa samu babban ɗansa Nasiru. Nasiru malamin firamare ne, magidanci mai 'ya'ya uku, laifinsa kawai ya koyi tuƙi a wurin wani. Alu ya ce shi ke sace motar yana yawo da ita a ɓoye. Nasiru ya rantse, bai yarda ba. Ya sa sarƙa ya ɗaure sitiyari, ya barbaɗa toka kewaye da motar don ya kama sawu. Da safe aka duba, sawu iri biyu ne, na kaza da nasa. Ya ce ai wannan ya ƙara tabbatar masa, yaron ya iya shara ya iya barbaɗawa. Mu a tasha muka yi ta dariya, amma a gida abin ba na dariya ba ne. Nasiru ya daina zuwa cin tuwo tare da ubansa, in sun haɗu a zaure sai gaisuwa a tsaitsaye.

Kulu, matar Alu, ita ta zo ta same ni. Ta ce likita ya daɗe da gaya masa yana da ciwon suga, ya hana ta faɗa. Ta ce kwanan baya ta cire masa ƙaya a tafin ƙafar hagu, ta shige har rabi, ya yini yana yawo da ita bai sani ba. Washegari na ƙirƙiri uzuri na bi shi Kebbe, idona a ƙasa. Abin da na ji tsoro shi na gani. Ya sa giya, ya ɗaga ƙafa, sai ta sulale ta koma ta kwanta a kan kuloci, tana danne shi kaɗan-kaɗan, shi kuma yana ta ba ni labarin rashin kunyar yaran zamani. A wani hawa inji ya yi ta ruri, motar ta tsaya cak tana neman komawa baya, ga mata da buhuna a bayanta. Da ƙyar ta haye.

Na rasa yadda zan yi. In na gaya masa, na raba shi da tuƙi, na kuma raba shi da abu ɗaya da yake taƙama da shi. In na yi shiru, wata rana motar za ta koma baya da mutane, kuma Nasiru zai ci gaba da ɗaukar laifin da bai yi ba. Sai na yi dabara irin ta bakanike, wadda a lokacin na ɗauka hikima ce. Da Alu ya tafi Sakkwato ganin likita na kwana biyu, da makulli a aljihunsa kamar makulli na hana bakanike, na kwashi kayan aiki na je gidan. Kulu ta tsare ƙofa. Na sauke giyabos, na cire tsohon faifan, na sa sabo, na mayar da komai, har ƙura na shafa wa notina don kada su yi ƙyalli. Kulu ta sake barbaɗa toka, ta kuma koro kaza ta bi ta kai.

Ya dawo ya yi kwana uku yana tuƙi bai ce uffan ba. Na yi murna, kuma na yi baƙin ciki, don Alun da na sani da tun kafin ƙafarsa ta kai ƙasa ya gane an taɓa masa mota. Da na bar abin a nan da ban san yadda za ta kaya ba. Amma ni da ɗan banzan bakina, ranar kasuwa tasha ta cika, ina so in wanke sunansa a gaban masu cewa Dattijuwa ta fara ƙauri, sai na ce in ya isa ya yi mata gwajin da yake yi wa motocin mutane.

Ya dube ni. Sannan ya shiga, ya ja birkin hannu, ya sa giya ta uku, ya saki ƙafa. Motar ta yi tsalle ɗaya, inji ya mutu nan take. Tasha ta ɗauki sowa, ana ta yi masa kirari. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya jira mutane suka watse, ya buɗe ƙofa, ya yafito ni. Na zo na tsuguna a gefensa.

"Sani," ya ce, "satin da yaw wuce ni kaɗai na yi mata gwajin ga bayan gari. Ba ta mutu ba. Tsoho ba shi komawa yaro. Ɗauko min shi."

Ban yi gardama ba. Na je na ɗauko tsohon faifan a inda na ɓoye shi. Ya karɓa ya juya, ya shafa da yatsa. Ya cinye har ƙusoshinsa sun fito, gefensa ya yi baƙi. Ya tambaye ni wa ya ci shi haka. Na sake tsugunawa na ce masa shi ne, ƙafarsa ce take kwanciya a kai. Ya ce ƙarya nake, bawan banza, ƙafar da ta yi shekara ashirin tana jin numfashin kuloci ba za ta yi masa haka ba. Na bar shi ya gama. Sannan na ce, "Ɗan gwaggo, tun da munka hwara maganag ga nika matse da babban yatsanka."

Ya sunkuya ya duba. Hannuna na nan riƙe da yatsan, na matse shi har farcena ya yi fari. Ban taɓa jin kunya da tausayi sun haɗu mini wuri ɗaya irin na ranar ba. Da ya ɗago, abin da ya fara cewa shi ne a kira masa Nasiru.

Aka je makaranta aka kira shi, ya zo a kan babur yana zaton wani sabon laifin ne. A nan tasha, gaban masu lodi da masu shayi, Alu ya ce wa ɗansa ya zalunce shi, ya yafe masa. Nasiru ya durƙusa yana cewa ba komai, Baba, hawaye na zuba. Alu ya zare makulli ya sa masa a hannu, ya zagaya ya shiga ɗaya gefen, sannan ya leƙo ya gaya mini, don kada in ɗauka na tsira, cewa na bar noti ɗaya bai ɗauru ba, yana jin sa tun shekaranjiya.

Na bi shi gida da yamma ina roƙo. Na ce ni na sauke giyabos ba da saninsa ba, laifin nawa ne. Na ce rantsuwa ai tana da kaffara, ya yi kawai, ni zan kawo hatsin ciyarwar. Na ce zan ɗaura masa wani katako a gefe inda zai riƙa ajiye ƙafar. Ya bar ni na zazzage dabaruna duka, yana zaune a kan tudunsa yana ɓare gyaɗa.

"Ba rantsuwa ta hana ni ba," ya ce. "Mutane nika ɗauka, Sani."

Bai sake zama a bayan sitiyari ba. Nasiru ya riƙa fita da motar ranakun da babu makaranta, Alu a gefensa, kuma duk wanda ya shiga ya ce gara a yi maka bulala da ka yi tuƙi Alu na kallon ƙafarka. Daga Tambuwal zuwa Kebbe faɗa, daga Kebbe zuwa Tambuwal faɗa, in sun dawo su zauna su ci tuwo a kwano ɗaya. Wata bakwai suka yi a haka. Ranar wata Laraba, ana hutun makaranta, ya ce jikinsa ba daɗi, Nasiru ya tafi shi kaɗai. Kafin la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Har yau in na tuna ina tambayar kaina ko da na kama bakina ranar kasuwar nan da ya ƙara 'yan watanni yana abin da yake so. Sai kuma in tuna matan da ke bayan motar a kan hawan nan. Ban san wanne ya fi ba. Na dai san na yaudare shi sau ɗaya, don ina son sa, kuma bai taɓa goranta mini ba.

Allah ya jiƙan Alu ɗan gwaggona. Allah ya yafe masa kurakuransa kamar yadda ɗansa ya yafe masa, ya yafe mini kamar yadda shi ya yafe mini. Allah ya haskaka kabarinsa, ya ba Kulu haƙurin zama ba shi. Amin.